Masu Addu'a da Irin Doyar Mama Nguemo

Ka taɓa zuwa gidan mara lafiya yin addu'a, aka ajiye maka kwano, ka tsaya ka tambayi kanka daga ina abin da ke cikin kwanon ya fito? Ni na tambaya, kuma tun daga ranar ban sake samun sukuni ba sai da aka yi shuka.

Sunana Mlumun. Sana'ata sarin doya: in bi ƙauyukanmu in saya, in tara, in yi lodi zuwa kasuwar Zaki Biam. Mai wannan sana'a idonsa ba ya hutawa. In na shiga gida, kafin a gama gaisuwa na san kaji nawa ke yawo a tsakar gidan, na san rumbun cike yake ko ya fara ramewa. Mijina ya ce ko a majami'a ba waƙa nake bi ba, kawunan mutane nake ƙirgawa. Bai yi mini ƙarya ba. Amma ba labarina zan bayar ba, labarin Mama Nguemo ne, matar Baba Gbenda, maƙwabciyarmu a Tse-Akpera.

Mama Nguemo marainiya ta tashi. Wannan kawu ya riƙe ta damina ɗaya, ya miƙa wa wancan. Ta taɓa ce mini har yau ba ta son ƙarar kankarar tukunya, don a gidajen da ta zauna sai an fara kankara ake tunawa da ita. Da ta yi aure ta samu miji mara yawan magana, manomin doya wanda kunyarsa ke kai wa mutum gwiwa. Suka haifi mata huɗu, duk sun yi aure nesa. Ba ta iya karatu ba, ba ta taɓa riƙe muƙami a zumuntar mata ba, ko jagorar waƙa ba a taɓa ba ta ba, don muryarta kamar ana jan kujera. Amma babu gida a ƙauyen nan da ba ta durƙusa a ciki ba. In an yi haihuwa tana can, in an yi rashi ita ke riga 'yan'uwan mamacin isowa, kuma ba ta zuwa hannu biyu, kullum akwai doya biyu ko uku cikin daro. Shekarar da motar da na yi wa lodi ta kife a hanya, kayana suka zama na masu tsinta, ita ce ta zo ta zauna da ni, ta yi mini addu'a, ta dafa wa yarana abinci har na iya tashi.

Addu'arta ma iri daban ce. Ba ta iya dogon tsari irin na dattawan majami'a. A bakin turmi take yi. In tana dakan sakwara, kowace saukar taɓarya da sunan da take kira, tana roƙa wa mai sunan abin da ya dame shi. Har tsokana ake yi a ƙauye cewa in ka ji sunanka ya fito daga turmin Nguemo, to, asirinka ya riga ya zaga gari.

Bayan an gama haƙar doya bara, Baba Gbenda ya faɗi a gona. Aka kai shi asibiti, aka dawo da shi ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana sai da ƙyar. Jinyar ta cinye manyan doyoyinsa kusan gaba ɗaya. Ni na saye su da hannuna, shi ya sa na san abin da ya rage a rumbu: na ci kamar ɗari da hamsin, sai irin shuka ɗari tara. Irin nan shi ne gidan. In ya shiga ƙasa da ruwan fari, akwai abinci baɗi, akwai na magani. In bai shiga ba, babu wanda zai ba su wani, don lokacin shuka iri ya fi naman sa tsada, kuma kowa nasa yake tsaro.

Ranar Lahadi Fasto ya ambaci sunan Baba Gbenda cikin addu'a, ya ce a riƙa ziyartar gidan. Ai kuwa jama'a suka ɗauka da gaske. Wa zai ƙi? Kowa yana da alherin matar nan a wuyansa. Zumuntar mata ta ware ranarta, mawaƙa suka ware tasu, matasa ma haka, dattawa haka, har da mutanen majami'un ƙauyukan maƙwabta waɗanda ta taɓa zuwa makokinsu. A zo a cika ate, rumfar baƙi ta tsakar gida inda aka shimfiɗa wa Baba Gbenda gadonsa, a yi waƙa, a karanta Maganar Allah, a ɗora masa hannu. Kuma addu'a ce ta gaskiya, ba na musu. Na ga mata suna kuka da hawaye na gaske.

Sai dai a wajenmu ba a tambayar baƙo ko ya ci abinci. Yana zama turmi ke amsawa. Shi kuma baƙon ba shi da halin ƙi, don wanda ya ƙi abincin gidanka ko dai ya raina ka, ko yana zarginka da abin da ba a faɗa da baki. Saboda haka kafin a ce amin na ƙarshe, Mama Nguemo ta riga ta jera kwanuka, sakwara mai zafi da miyar riɗi. Mu ashirin da uku ne a zumunta. Ciyar da mu sau ɗaya doya goma sha biyu ce, in manya ne. Na zauna ina ci ina lissafi.

Wata rana bayan addu'a na zagaya bayan ɗakin girki in wanke hannu, sai na ga ɓawon da aka zuba wa awaki. Ɓawon ƙanana ne, kuma a kan wasu akwai tsiro, jajaye, sun fara leƙowa. Doyar ci ba ta zuwa haka. Na leƙa rumbu. Ɓangaren ci ya zama fili, an fara taɓa iri. Iri kuwa ƙanana ne, sai an fere huɗu kafin su yi girman babba ɗaya. Wato kowace ziyararmu kunya kusan hamsin muke haɗiyewa, mu share baki, mu ce Ubangiji ya tanada wa gidan nan.

Na jira kowa ya watse na same ta tana wanke turmi. Na ce mata, "Mama, irin shuka kike daka mana."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce ta sani, ai ita ta fere. Na ce to me za ta sa a ƙasa in ruwa ya sauka? Ta ce wanda ya aiko baƙin shi ya san da ruwan. Na yi mata lissafi dalla-dalla, na nuna mata in aka ci gaba a haka kafin hadarin fari rumbun ya zama ɗakin ɓeraye. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce:

"Mai ƙidaya, mutum ya tako da ƙafarsa don mijina, da sunan Yesu a bakinsa, in sallame shi da ruwan randa? Je ki ƙirga motocinki."

Na tafi raina a ɓace, amma na ce ba komai, in mai bayarwa ta ƙi ji, masu karɓa za su ji. A taron zumunta na gaba na miƙe na faɗi abin da na gani. Na ce mu rage zuwa, ko mu tura mutum biyu-biyu, ko mu yi addu'ar a nan majami'a, ai Allah ba sai an kai masa kwatancen gida ba. Shugabarmu, Mama Torkwase, ta dube ni ta saman tabarau ta tambaye ni ko addu'a nake so a hana. Wata daga baya ta ce Mlumun so take a riƙa auna addu'a da mudu, aka kwashe da dariya. Wata ta ce in muka daina zuwa, mutane za su ce zumunta ta yar da matar da ba ta taɓa yar da kowa ba. Wannan kam gaskiya ce, shi ya ƙara ba ni haushi. A ƙarshe aka tsayar cewa kowace mace ta tafi da doya ɗaya a hannu.

Na ɗan ji sanyi. Doya ashirin da uku ta shiga, goma sha biyu ta fita, akwai riba. Ban san da wa nake yi ba. Mama Nguemo ta karɓi doyoyin da godiya, ta ce tunda an karrama ta haka ba za ta ba mu miya babu nama ba. Ta yanka kaza biyu. Ta daka abin da za mu ci, sauran kuwa kafin yamma ta raba su: wasu gidan wata mai jego, wasu wajen wani tsoho makaho a bakin rafi. Da na yi magana ta ce ai doyar kyauta ba a kulle ta a rumbu, albarkarta gudu take. Washegari mawaƙa suka zo, su ba su san da dokar doya ɗaya ba, aka koma kan iri.

Sai na nufi gidan Fasto. Mutumin kirki ne, ya saurare ni sosai. Na roƙe shi ya faɗa daga kan bagade cewa kada wanda ya sake cin abinci a gidan. Ya ce ba zai iya tsayawa gaban jama'a ya tona cewa rumbun magidanci ya bushe ba, alhali magidancin yana raye yana ji. Na ce to ya samo dabara. Ranar Lahadi ya ce wa jama'a su ƙara tunawa da gidan Baba Gbenda, don nauyin da ke kansu ya fi yadda ake gani. Jama'a suka fahimci abin da suka ga dama. Makon nan baƙin suka ninka.

A nan ne dabarar azumi ta zo mini, kuma na yi alfahari da ita. Mai azumi ba a ba shi abinci, kuma in ya ƙi ci bai zagi kowa ba. Na koma wa Fasto da gudu, ya ce wannan kam ta yi. Aka sanar cewa duk mai zuwa addu'a gidan ya zo da azumi a bakinsa, don roƙon ya ƙara ƙarfi. Muka je, muka yi waƙa da busassun leɓɓa, muka durƙusa, muka tashi. Mama Nguemo ta raka mu har bakin hanya. Turmi shiru. Na dawo gida ina taka ƙasa kamar na sayar da mota biyu.

Rana tana faɗuwa na ji sallama. Na fito, sai ga ta da daro a ka. Ta sauke ƙullin sakwara a ganye, ta ce in sha ruwa da shi, azumin da aka yi don mijinta ba za a buɗe baki da abincin wani gida ba. Gidana ne na tara, saura goma sha huɗu, tana sauri. Na tsaya riƙe da ƙullin, zafinsa yana ƙona mini tafin hannu, na rasa ko in yi kuka ko in jefa shi kan rufi. Ko yarana ban iya ba su ba, mijina ne ya cinye, yana cewa zubarwa ba za ta mayar da shi rumbu ba.

Da aka yi ruwan fari, ƙasa ta yi laushi, kowa ya fita da garma. Na faki idonta na shiga rumbun na ƙirga. Ɗari biyu da casa'in da takwas. Gonar kuwa ko kunya ɗaya ba a tayar ba, wa zai tayar? Na fito na zauna kusa da gadon Baba Gbenda a ate. Ban yi niyyar gaya masa ba, kada in ƙara masa ciwo. Ashe shi ma yana nasa lissafin. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin doya, daga ƙarar turmi yake gane girman abin da ake dakawa. Ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya, ya yi ta kokawa da harshensa, da ƙyar ya fitar da kalma biyu: "Nawa... saura?" Na faɗa masa. Ya rufe ido. Na ce masa ina so mu shiga gonarsa mu shuka abin da ya rage, amma ba a taɓa gonar mutum da irinsa sai da izininsa. Ya matse hannuna ya gyaɗa kai.

Na koma wa Fasto da Mama Torkwase na ce addu'ar wannan makon a gona za a yi ta. Maza su zo da garma, mata su zo da iri ko uku ne ko biyar, amma a yanka shi tun daga gida, a shafe shi da toka da maganin ƙwari, yadda babu mai iya sa shi a tukunya. Kowa kuma ya ƙullo abincinsa. Mama Torkwase ta ce a gona kuma, cikin taɓo? Na ce can ne ciwon gidan yake yanzu. Fasto ya goyi bayana, ta yarda ba da son ranta ba.

Na bi gida-gida neman iri. A nan na ga abin da ya ƙona mini rai fiye da komai. Mutanen da ba su taɓa fashin zuwa ate ba, yau wannan bayansa ke ciwo, wancan nasa irin bai ishe shi ba, waccan sai ta tambayi mijinta. Ba na cewa don sakwara suke zuwa, Allah ya sani. Amma waƙa a inuwa ta fi garma sauƙi. Daga zumunta mata tara suka fito, maza bakwai har da Fasto, wanda ya naɗe wando ya kama garma kamar kowa. Irin da aka tara ɗari da ashirin da shida, arba'in daga ciki nawa ne.

Ba mu gaya wa Mama Nguemo ba sai da muka fara aiki. Hantsi ya ɗaga, maza sun tayar da layi shida, sai na hango ta tafe. Daro a ka, kwalbar manja a hannu, ƙullin itace a hammata. Ta sauke a gindin mangwaro ta fara haɗa wuta. Na je na leƙa daron. Iri ne, ya kai arba'in, za ta gasa wa masu aiki, kamar yadda kowace matar mai gona ke yi.

Na ce mata kowa ya zo da abincinsa. Ta ce ba a gonarta ba. Na ce Baba ya ba da izini a shuka duk abin da ke rumbu. Ta ce Baba bai taɓa barin mai yi masa noma ya koma da yunwa ba. Ta ci gaba da hura wuta. Ni kuma abin ya kai ni maƙura. Buhun toka mai magani yana hannuna. Na juye shi cikin daron, na sa hannu na cakuɗa har kowace doya ta yi fari.

Ta miƙe a hankali tana duban daron, sannan ta dube ni. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

Ta ce, "Na ci abincin sadaka har na yi aure, Mlumun. Ranar da na samu turmina na ce na gama zama a ba ni. Yau kin tara mini jama'a a gona, kin kuma ɗaure mini hannu a gabansu."

Na ce, "Mama, lokacin da motata ta kife kika ciyar da yarana, ban zubar miki da tuwo ba. Na karɓa. Ke ma karɓi na yau, baɗi ki daka mana har mu gaji."

Ta koma gindin mangwaro ta zauna ta ba mu baya. Mama Torkwase ta matso ta raɗa mini cewa ba ni da kunya, uwa ce fa. Na ce na ji, a aika mata huɗu su kwaso sauran irin daga rumbu kafin Mama Nguemo ta tuna da su. Aka kwaso. Fasto ya tsayar da aiki, muka tsaya tsakanin kunyoyi da taɓo a ƙafa, ya yi addu'a gajeriya, ya roƙa wa Baba Gbenda lafiya, ya roƙa wa ƙasar ruwa, ya roƙa wa zukatanmu haƙuri da juna. Na san da wa yake.

Can da rana ta take, wani daga cikin mazan ya dasa iri ya bar kan kunyar a buɗe bai rufe da ciyawa ba. Sai muka ji muryar nan mai kama da jan kujera daga gindin mangwaro, tana tambayarsa ko a gidansu haka ake yi, rana ta dafa iri tun bai tsira ba. Ta taso ta ture shi, ta gyara, ta wuce kunya ta gaba. Haka ta yi ta dasawa har muka gama. Ni dai ko kallona ba ta yi ba.

Kunya ɗari huɗu da ashirin da huɗu muka shuka, a gonar da ta saba ɗaukar ɗari tara. Ko rabi bai kai ba. Sauran filin ciyawa ce ta cinye, kuma duk sanda na bi ta wajen sai na ƙirga abin da ya kamata a ce yana can. Da mun yi wannan tun ranar da na ga ɓawon nan, da gonar ta cika. Doyar ta tsira, ta hau sanda, ganye ya yi kyau. In Allah ya kai mu kaka zai ishe su ci da irin baɗi, in an yi tattali, kuma kalmar tattali ce ke hana ni barci. Baba Gbenda yana iya zama yanzu, ya fara taka ƙafa da sanda. 'Ya'yansu mata suna aiko da garin rogo, shi ake tuƙa wa masu zuwa addu'a, kuma masu zuwan sun ragu sosai. Mama Nguemo tana amsa gaisuwata, amma a gajarce, kamar ta baƙuwa. Jiya na kai mata gishiri da daddawa, ta karɓa, kafin in kai ƙofar gida na ji tana kiran maƙwabciya ta zo ta ɗebi rabi.

Ban ce ka daina zuwa yi wa mutane addu'a ba, ni ma ban daina ba. Abin da nake roƙonka ƙarami ne. Wannan makon, in za ka gidan mara lafiya, ci abincinka a gida. In ka isa, kafin ka rufe ido, buɗe shi tukuna: dubi rumbu, dubi gona, dubi abin da aka zuba wa awaki. Ka gano abu guda da gidan zai rasa in ba a yi shi cikin kwanakin nan ba, ka kira mutum biyu ku yi shi, ku yi addu'ar a can wajen aikin. Mai yiwuwa ba za a gode maka ba. Ka gwada duk da haka, ko sau ɗaya ne.